Daga Kawunan Nok Zuwa Barikin Dalet

Sanarwar ba ta da tsawo. Wani ne ya turo ta a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu: za a yi yawon ganin tarihin zane da gine-gine, haɗe da wuraren tunawa da yaƙi, a Kaduna da Zariya, bas ɗaya, wanda ya riga biya shi ke da kujera. Rashin dacewar abubuwan biyu ne ya ja hankalina. Me ya haɗa maginin tukunya da soja? Ni sana'ata ɗab'i ce, a Kano nake zaune, kuma aikin kalanda da fastar 'yan siyasa ya sha kai ni Kaduna. Sai dai shigar ɗan kasuwa nake yi mata, daga tashar Kawo zuwa ofishin da zan karɓi cikon kuɗina, in juyo kafin rana ta faɗi. Na biya, na ce bari a nuna mini garin da na saba ratsawa.

Jagorar tafiyar matashiya ce da ta karanta tarihin zane a Zariya. Malama kowa ke ce mata, har waɗanda a haife sun haife ta. Cikinmu akwai ɗalibai, da wani likitan dabbobi, da wata Hajiya mai shagon atamfa a Tudun Wada, sai wani dattijo tsohon soja da jikansa ya rako. Ya yi yaƙin basasa, ya bar aiki yana samanja, don haka tun kafin mota ta tashi sunansa ya zama Baba Samanja.

Da gidan tarihin da ke kan titin Ali Akilu muka fara. Ginin kansa tsohuwar hedikwatar NPC ce, jam'iyyar Sardauna mai alamar fartanya, kafin a mayar da shi gidan adana kayan tarihi a 1975. Muna bakin ƙofa Hajiya ta ja tunga.

"Malama, yanzu da sanyin safiyar nan gumaka za ki kai mu kallo?"

"Hajiya, ba bauta muka zo yi ba, ba kuma neman tubarraki ba. An ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda na gabanmu suka ƙare. To, ga na gabanmu nan a ciki."

Hajiya ta ce a'uzubillahi, ta gyara mayafi, ta shiga. Ita ce kuma ta fi kowa daɗewa a gaban kawunan Nok, don da ta duba kan wata mace sai ta ce wannan ai doka ce aka yi mata, ta shiga nuna wa ɗalibai inda aka raba gashin da inda aka tufke shi.

A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, kudancin jihar nan. Ba wanda ya damu da su sosai sai a 1943, da wani kai da aka tono a yankin Jama'a ya isa hannun Bernard Fagg, jami'in mulkin Turawa da ya karanci tono kayan tarihi. Kafin ya same shi, kan yana kafe ne a gonar doya, mai gonar ya yi mutum-mutumi da shi. Fagg ya ga kamanninsa da na 1928, ya bi sawu, kuma shi ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952.

Na ɗauka feƙe su aka yi, sai Malama ta nuna mana gefen wani da ya fashe. Ciki fanko ne. Yadda ake gina tukunya haka aka gina su: a murza yumɓu mai gauraye da tsakuwa, a yi ta ɗora shi zobe a kan zobe, sannan a fitar da fuska. Idon kusurwa uku ne ko rabin wata, ƙwayarsa huda ce, haka hanci da kunne da baki, kuma ta waɗannan kafofi tururi ke fita lokacin gashi don kada aikin ya tarwatse a wuta. Akwai masu duwatsun wuya jere-jere, da masu munduwa har gwiwar hannu. Masu ginin ba su ɓoye cuta ba, cikin abin da aka tono har da fuskar da ta karkace da ƙafar da ta kumbura.

Tun daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi shekaru suna tono a yankin tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Sun gano mutanen sun fara zama a wurin kusan shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, sun fara gina siffofin nan wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, daga baya suka shiga narka tama. Gero da wake suke nomawa. Har alamar kakin zuma an samu a jikin tukwanensu. Likitan dabbobi ya ce ashe gero da zuma sun girmi duk wata sarautar da muke tinƙaho da ita.

Abin da Malama ta ajiye sai ƙarshe shi ne yadda ake samun su a ƙasa. Da wuya a tono guda cikakke. A farfashe suke, an tara gutsattsarin wuri ɗaya kamar da gangan, sau da yawa kusa da wasu jeren duwatsu da tukwane da masanan ke kyautata zaton kaburbura ne, ko da yake tsamin ƙasar ya cinye ƙasusuwan. In zatonsu ya yi daidai, to kawunan nan na da alaƙa da binne mamata da tuna su. Ta ce shi ya sa ta fara da nan kafin ta kai mu wajen sojoji. Ga fuskoki har da kitso, amma ba mu san sunan ko mutum ɗaya cikinsu ba, ba mu san ma da wane harshe suka yi magana ba. Nok ɗin ma sunan ƙauyen da aka fara tono su ne.

A shekarun 1990 aka yi wa wuraren nan wasoso, aka yi ta haƙa da dare ana fitarwa waje. A 2000 wasu suka bayyana a babban gidan tarihin birnin Paris, aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe Faransa ta yarda mallakar Najeriya ce amma ta riƙe su aro na shekara 25. Ni dai a ganina asarar ta wuce ta kan da aka sayar. Mai haƙar dare ba ruwansa da gawayin da ke gefe ko tukunyar da ke ƙasa, alhali su ne ke gaya wa masani shekarun abin da dalilin binne shi. Da ya watsar da su, ko an dawo da kan daga Turai, labarinsa ba zai dawo ba.

Da muka koma mota Malama ta kafa doka ɗaya: duk inda aka ga ƙofar bariki, waya ta koma aljihu. Daga nan yawon ya zama na kallo ta taga da karanta allo, wanda dama shi ne aikina.

Kaduna garin soja ce tun daga tushe. Gwarawa ne a ƙasar lokacin da Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, saboda ruwan kogin da kuma layin dogon da ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911. Sojoji aka fara kawowa wajen 1913, sannan a 1917 hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru. Titin da tsofaffi har yau ke kira WAFF, wanda aka sauya wa suna zuwa na Muhammadu Buhari, sunan rundunar Afirka ta Yamma ce da Lugga ya haɗa a 1897. Tushenta ma ya girmi haka, don sojan Najeriya na ƙirga shekarunsa daga 1863, lokacin da wani Bature mai suna Glover ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Legas ya ba su bindiga. Shekaru da dama da Hausa hafsoshin Turawa ke magana da sojojinsu, kuma har gobe akwai rubutun Larabci a tambarin sojan ƙasa, mai cewa nasara daga Allah take.

Muna isa Kawo, inda barikin Dalet yake, Malama ta tambaya wa ya san mene ne Dalet. Wani ɗalibi ya ce sunan wani janar ne daga Filato. Baba Samanja ya yi dariya har da tari.

"Yaro, rafi ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake ce wa Myanmar. Waɗanda suka koya mana fareti a Zariya sun sha ruwansa."

Daga nan Malama ta kusan rasa aikinta, don Baba ya karɓe. Ya ce lokacin da aka ɗauke su kurata a farkon yaƙin basasa, tsofaffin 'yan Bama ne ke horar da su, kuma in dare ya yi ba su da hira sai ta can: ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku a cikin takalmi, dajin gora da ba a ganin rana, jirgin sama na jefo shinkafa da harsashi da lema. Malama na cike masa shekaru. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga Bama don yaƙar Japan. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, inda suka sare daji da hannu suka yi hanyar mota ta kusan mil 75. Ta 82 ta gangara ta kwarin Kalapanzin a ƙarshen 1944, suka haɗu da 'yan'uwansu a Myohaung a Janairun 1945, sannan suka nausa kudu ta Dalet da Tamandu. Barikin Kalapanzin na nan a Kakuri. Myohaung da Tamandu da Arakan barikoki ne a Legas, Letmauk na Ibadan. Unguwar Mogadishu da ke tsakiyar Kaduna kuwa ta wani fagen ce: a 25 ga Fabrairun 1941 birged ɗin Najeriya ya shiga babban birnin Somaliya bayan korar sojan Italiya, ya wuce har Harar ta ƙasar Habasha.

Yankin Arakan ɗin nan, inda rundunonin suka gwabza, shi ne jihar Rakhine ta yau, ƙasar Musulmin Rohingya da muka yi ta jin labarin korarsu a rediyo a 2017. Da Malama ta faɗi haka Hajiya ta yi salati. Ta ƙara mana da labarin Isaac Fadoyebo, wani yaro daga ƙasar Owo da aka harbe a bakin kogin Kaladan a Maris na 1944, wani manomi Musulmi ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni alhali Japanawa na sintiri a ƙauyen, har aka zo aka cece su.

Tambarin rundunonin biyu ta nuna mana a wayarta. Na ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, wato Gizon tatsuniyar mutanen Gana, ɗan'uwan namu. Na ta 82 masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Na karɓi wayar na ƙara girman hoton don in tabbata, gammo ne kuwa, na ɗan dako. Dalili shi ne dubban mutanen da ke cikin rundunonin nan ba a ba su bindiga ba. Adda ce a hannunsu, a kansu kuma akwatin harsashi da buhun abinci da sassan igwa, suna hawa duwatsun da ko alfadari ba ya iya hawa. Da kawunansu aka yi yaƙin. Wanda ya zana tambarin, ko wane ne, ya yi musu adalcin da albashi bai yi musu ba, don abin da ake biyan baƙin soja bai kama ƙafar na Bature ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rafukan Bama sun samu allo da fenti da mai gadi a Kaduna, su kuwa mutanen da suka mutu a bakinsu sai ka je can. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu. Na yaƙin duniya na farko ma sun fi shiga uku. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, kuma ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Cikin 'yan kaɗan da sunansu ya tsira akwai Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a wajen Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma ɓangaren Ingila, ya yi Gabashin Afirka, ya yi Habasha, ya yi Bama, ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Zauren Lugga, inda majalisar dokokin jihar ke zama, daga waje muka gan shi da tulluwarsa. A wurin shaƙatawa na Gamji, mai sunan Janar Hassan Usman Katsina, mun taka 'yar gadar ƙarfen da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kwance ta a kawo nan. Ɗalibai suka yi hotuna, aka ci abinci, aka yi azahar. Ban ga abin daɗewa a wurin ba.

Arewa House, a kan titin Rabah, nan ne hira ta mutu. Gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello ne, kuma a harabarsa aka kashe shi da uwargidansa Hafsatu kafin asubar 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi. A daren nan, a cikin Kaduna, an kashe Birgediya Ademulegun da matarsa da Kanar Shodeinde, a Legas kuma aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kashe Birgediya Maimalari da wasu manyan hafsoshi. Tun 1970 gidan ya zama cibiyar binciken tarihi, yana ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello, kuma Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, shi ya fara shugabantarsa. Akwai hotuna, da takardun gwamnatin Arewa, da rubuce-rubucen Larabci da ajami na hannu. A gaban waɗannan na ƙarshen na makale, ina kallon yadda marubucin ya tsare layinsa ba tare da ya ja layi ba, da inda ya sauya tawada zuwa ja don wasali. Da ƙyar jikan Baba ya janye ni.

A mota Malama ta ce saura maƙabartar sojoji ta titin Kashim Ibrahim, ta riga ta nemo izini. Ta kuma ce gara ta faɗa tun yanzu: Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan da muka baro, a can yake kwance. A Kaduna aka haife shi a 1937, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, har sunan garin ya bi shi. An kashe shi kusa da Nsukka a ƙarshen Yulin 1967 yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, Gowon ya sa aka ɗauko gawarsa aka binne shi a nan da cikakkiyar girmamawar soja.

Likitan dabbobi ya ce shi ba zai sauka ba. "Malama, ki yi haƙuri. Yanzu muka fito daga inda ya zubar da jinin Gamji, ki ce in je in tsaya a kansa?"

"Likita, ba wanda zai tilasta maka. Ni ma ban ce a yi masa addu'a ba."

Baba Samanja ya riga ya sa ƙafa a ƙasa. Ya juyo ya ce, "Ɗana, soja ba ya zaɓen maƙwabcin kabari. Akwai yaranmu a ciki, su zan gaisar." Ya karɓi sandarsa ya yi gaba. Likita da Hajiya suka zauna a mota, sauranmu muka bi shi.

Ya yi wa mamata sallama kamar yadda aka koyar, ya bi layi yana sa jikansa ya karanta masa abin da ke jikin duwatsun: muƙami, suna, runduna, ranar rasuwa. Bai tambayi inda Manjon yake ba, da aka nuna kuma bai tsaya ba. Ni na tsaya, na karanta, na wuce, kuma ba zan ce raina ya yi daɗi ba. Amma ina ganin Malama ta yi daidai da ta haɗa wuraren biyu a yammaci ɗaya. Da ta kai mu Arewa House kawai, da mun koma gida da fushin da muka zo da shi tun daga yarinta, ba ƙari. A nan ne Baba ya tuna mana cewa bayan Janairu akwai Mayu da Yuli da Satumba na 1966, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da yawa a garuruwan Arewa, ya ce da idonsa ya ga tashar jirgin ƙasa cike da masu gudu. Ranar 15 ga Janairu ɗin ma nauyi uku take ɗauke da shi: ranar juyin mulkin, ranar da yaƙin ya ƙare a 1970, kuma ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda a da ake yi 11 ga Nuwamba tare da Ingila.

Masaukin da aka kama mana ba abin yabo ba ne, janareto ya mutu tsakar dare, sauro ya karɓi aiki. Balangun da muka ci a Unguwar Rimi ne ya rufa wa daren asiri.

Washegari muka kama hanyar Zariya, kusan kilomita 80, ta Jaji inda kwalejin manyan hafsoshi take. A Zariya mun wuce ta gaban difo, inda ake horar da kurata tun 1924, Baba ya miƙe zaune ya ƙame. Barikin sunansa Chindit, daga rundunar Janar Wingate da aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944, da bataliya uku ta Najeriya a cikinta.

A Samaru, cikin lambun mutum-mutumai na sashen zane na jami'ar, Malama ta dawo gidanta. Kafin a kafa jami'ar a 1962 kwaleji ce a nan, Turawa ke koyar da zane irin na makarantun Landan. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa ƙungiya. Ba su ƙi koyon awo da haɗa launi ba, sai dai sun ce kowa ya koma garinsu ya koyi zanen kakanninsa ya haɗa da na aji. Daga baya aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma kusan duk wata makarantar zane a ƙasar nan akwai hannun ɗayansu a ciki.

A nan zaren tafiyar ya haɗu. Uche Okeke a Kafanchan ya tashi, maƙwabtan Nok, daga baya ya koma Gabas, ya yi wa Biyafara aiki da alƙalamin zanensa. Simon Okeke bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya rasu a 1969. Nwoko kuwa tun a 1960 ya zana hafsoshin Turawa zaune a kujeru, fuskokinsu a yamutse, baƙaƙen sojoji tsaye a bayansu cikin duhu da ƙyar ake ganin su. Daga baya ya duƙufa kan kawunan Nok, ya gina matoya don ya sami irin gashinsu, kuma a 1968, ana tsakiyar yaƙi, ya gina sojoji da yumɓu. Aikin ba ya Zariya, a waya muka gani. Soja ne da hular kwano, idanunsa hudaddu irin na jiya a gidan tarihi, ba jarumtaka a fuskarsa ko kaɗan. Aka miƙa wa Baba wayar. Ya daɗe yana kallo, ya ce wanda ya yi wannan ya ga soja mai jin yunwa. Hajiya ta leƙa ta kafaɗarsa, ba ta ce gunki ba wannan karon, sai ta ce Allah sarki, ɗan wani ne.

Da la'asar muka shiga birni, muka yi salla a masallacin Juma'a na ƙofar fada. Daga waje ginin zamani ne, amma a cikinsa an bar tsohon ginin ƙasa da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya yi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ginshiƙai masu kauri, bakan gizo na tashi daga jikinsu suna haɗuwa a sama suna riƙe tulluwa, duk da tubali da azarar giginya wadda gara ba ta ci. Azara ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi, sai magini ya yi ta ɗora gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, yana ɗaurewa yana lulluɓewa da ƙasa, har hannu biyu na bakan su gamu. A jikin ginshiƙan an fitar da zane mai zurfi tun ƙasar na ɗanye, ba siffar mai rai ko ɗaya. Cikin duk masu aikin hannu na da da muka bi sawunsu, shi kaɗai ne aka san sunansa, da unguwarsa a cikin birni, da zuriyarsa masu riƙe da sarautar magina. Ana ba da labarin cewa wani sarkin Birnin Gwari ya sa ya gina masa masallaci, da ya gama ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Malama ta ce labarin baka ne, mu riƙe shi a haka.

Inda zan yi ƙorafi shi ne lokaci. An ɓata kusan awa biyu wajen abincin rana a Samaru, masallacin da ya cancanci yini guda muka yi masa kallon tsaye, adon ƙofar fada da zankwayenta kuwa ta taga muka gan su. Ƙauyen Nok ma ba ya cikin tsarin, saboda nisa da halin hanya. Wanda zai shirya irin wannan ya ware wa Zariya ranarta, ya kuma nemi izinin wuraren soja a rubuce tun da wuri.

A Kwangila na sauka don in hau motar Kano. Kafin nan na ce wa Malama abin da ta faɗa mana a kan sunayen barikoki bai kamata ya tsaya a cikin bas ba, ta rubuta shi da Hausa, ƙaramin littafi mai taswira, ta zauna da Baba ta ɗauki nasa tun yana da ƙarfi. Ta ce kuɗin bugu fa, Alhaji? Na ce faranti da aikin inji nawa ne, takarda tata. Ta ce takardar ai ita ce tsadar. Muka tsaya a kan rabi da rabi, Hajiya ta zama shaida, ta kuma ce a sa mata tallar shagonta a bangon baya.